Shekarar da Muka Cinye Iri

Bazarar bana a gida ta same ni. Na je duba Inna ne da niyyar in kwana biyu in koma Kano, sai zafi ya kwantar da ni a gindin darbejiyar ƙofar gida. Ina nan kishingiɗe mota ta wuce da lasifika a kanta, ana shelar cewa ranar Asabar za a yi bikin su a Gurbin Kanya, gari duka a faɗa ruwa a kama kifi, "kamar yadda muka gada kaka da kakanni." Alhaji Nasiru, Sarkin Ruwa na yanzu, shi ke gayyata.

Na so in yi dariya, amma na duba hagu da dama na fasa, don ban san wanda ke kallona ba. Gurbin Kanya na san shi. Da safiyar ranar ma na bi ta wurin, babu komai sai yashi da sawun shanu. Ana gobe biki na koma, na tarar an shimfiɗa tamfol a ƙasan gurbin, tankar ruwa tana juyewa, ga wata ƙaramar mota da manyan robobi cike da tarwaɗa daga wata gonar kifi. Na tambayi masu aikin amfanin tamfol ɗin, ɗaya ya ce don kada yashi ya shanye ruwan. Wato sai da aka kusa shekara arba'in kafin gidan Sarkin Ruwa su yarda cewa yashi yana shan ruwa.

Ba na son in zalunci kowa, kuma wasu daga cikin waɗanda zan ambata sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Abin da na tuna zan faɗa. Inda na yi kuskure, masu shekaru suna nan.

Mu mutanen tsohon gari ne, wanda ruwan dam ɗin Tiga ya cinye. Ina ƙarami aka taso mu aka zube a kan wannan tudu, ta wajen Tudun Wada, a bakin wani rafi. A tsohon gari muna da fadama mai baƙin laka, da wani gurbi mai zurfi da ba a taɓa ganin ƙasansa ba. Da ruwa ya fara ja da baya bayan damina, Sarkin Ruwa zai kafa sanda da jan ƙyalle a bakin gurbin, shi ke nan an ɗaure ruwa, ba mai jefa ko fatsa. Kifi zai taru ya yi ƙiba. Sai ɗorawa ta nuna a kwance ɗaurin, a yi su, kowane gida ya samu na banda. Ko da gefen gurbin ya bushe, a haƙa laka a tono gaiwa, don ita a cikin laka take kwanciya ta jira damina. Dabara ce mai kyau, ban taɓa musun wannan ba. A can.

Rafin sabon gari wani abu ne daban. Daga tuddan Doguwa yake gangarowa, ƙasansa yashi ne da tsakuwa. Idan ruwan farko ya cika shi, kifi yakan hauro daga dam ya bazu. Tarwaɗa ta shige cikin ciyawar da ruwa ya rufe ta yi ƙwai. Karfasa ta tsaya a gefe, inda ruwa ba ya gudu. Ƙurungu ya laɓe a ƙarƙashin duwatsu da saiwoyin kanya. Ƙawara kuwa a tsakiyar ruwa mai gudu take, garke-garke, tana walƙiya. Amma duk baƙi ne. Da ruwa ya fara sauka sai su juya, su da 'ya'yansu, su koma dam. Wanda ya makara a gurbi, yashi ya tsotse ruwan daga ƙarƙashinsa, zalɓe ya gama da shi. Wannan ba a jami'a na koya ba, ko da yake daga baya na tarar da shi a littattafai da dogayen sunaye. Duk matar da ta taɓa wanki a rafin ta sani.

Sarkin Ruwa Barau, mahaifin Alhaji Nasiru, ya taso da sandarsa da jan ƙyallensa cikin kayan ƙaura, ya zo ya kafa a Gurbin Kanya. Shekarun farko ruwa ya yi kyau, rumbuna a cike, idan an yi su an samu ɗan abin miya sai a yi ta kiɗa, ba wanda ya damu. Ina jin shi ma a nan ya ruɗu, ya ɗauka shirun mutane shaida ce.

Sai shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri. Na gama sakandare ke nan, ina gida ina noma tare da Baba. Dawa tana cikin fitar da kai sama ta washe, ta ƙi komawa. Kullum da la'asar hadari ya taso ta gabas, mu tsaya a gona muna kallo, iska ta watsa shi. Ganye ya naɗe, ƙasa ta tsage. Abin da muka girbe bai kai rabin rumbu ba, kuma mafi yawansa daga ɗan gefen da Inna ta shuka tata dawar ne.

Dawar nan sai na yi bayaninta, don a kanta komai ya rataya. Wata gajeriyar kaura ce mai saurin nuna, Inna ta gaje ta wurin gwaggonta, shi ya sa a gidanmu ake ce mata 'Yar Gwaggo. Da aka tashe mu, mutane suka karɓi irin da aka raba, suka yar da nasu. Inna ta ƙulle nata a zane ta goya shi kamar jariri. A iya sanina, a garin duka ita kaɗai ta rage da shi. Bayan girbi ta zaɓi zangarniyoyi masu kyau, ta sussuke, ta gauraya da toka, ta zuba a tulu, ta liƙe bakin da laka, ta tura ƙarƙashin gadonta. Ta ce wa Baba, "Malam, wannan ba abinci ba ne." Ya ce, "Na sani. Tulunki ba mai taɓa shi. Su yana nan tafe."

Lissafin Baba shi ne hatsin rumbu ya kai mu bazara, a yi su, a banda rabonmu, a kai kasuwar Tudun Wada a musanya da hatsi, mu lallaɓa har gero ya nuna. Dam yana nan, amma tafiya ce, kuma kifin dam sai mai jirgi da babban taru. Mu kuwa 'yar koma ce da mu da birgi, tarun da ake watsawa da hannu, kayan ruwa marar zurfi.

Tun kafin a gama girbi rafi ya fara sauka, kifi ya juya. Ban taɓa ganin irin na shekarar ba, wataƙila don ruwan ya matse su wuri ɗaya. A mashigar da mata ke wanki ruwa bai kai gwiwa ba, ƙawara tana wucewa tana gogar ƙafafunsu. Tarwaɗa tana ja da ciki a kan tsakuwa, bayanta a waje. Mutanen ƙauyen da ke sama da mu, waɗanda muka tarar a ƙasar, suka datse rafi da zana suka jera kwanduna. Rufin ɗakunansu ya yi fari da kifin shanya, warinsa har garinmu. Namu mutanen suna toshe hanci suna cewa, "Dubi masu cin 'ya'yan kifi, ba su san ruwa ba."

Mu da muka san ruwa, ranar da kifi ya fi yawa Sarkin Ruwa Barau ya fito da sandarsa. Bai tsaya a gurbin ba, ya ɗaure rafin tun daga mashiga har ƙasan gari, wai don kifi ya samu natsuwa ya taru. Muka tsaya a gaɓa, gari guda mai rabin rumbu, muna kallon abinci yana wucewa.

Mutum ɗaya ne ya ƙi kallo, Kawu Tanimu, ƙanen Inna, wanda bakinsa bai taɓa barin sa ya zauna lafiya da kowa ba. Da rana tsaka, kowa na gani, ya naɗe wando ya watsa birgi a mashiga. Jifa kaɗan ya cika kwando. Kafin ya fito an kama shi, aka kai shi ƙofar mai unguwa, mu duka muka bi.

Sarkin Ruwa yana zaune a kan buzu, ya ce, "Tanimu, ba ka ga sanda ba?"

"Na gan ta, ranka ya daɗe. Kifin ne bai gan ta ba, ga shi can yana ta wucewa."

Wasu suka yi dariya suka haɗiye.

"Kifin da ya wuce ba namu ba ne. Namu yana gurbi yana kwanciya."

"A kan me zai kwanta? Yashi ne fa, ranka ya daɗe. Ka sa ƙafarka ka ji."

"Ni za ka koya wa ruwa? Ubana Sarkin Ruwa, kakana Sarkin Ruwa."

"Ai ban musa ba," in ji Kawu. "Ruwan da suka yi wa sarauta yana can ƙarƙashin dam, da masallacin Juma'a da kabarin kakan naka. In can za mu yi su, a ba mu jirgi."

Baba ya kama hannun Kawu yana cewa, "Tanimu, bar mana, bar mana, manya ne." Hukuncin da aka yanke har yau idan na tuna sai in rasa inda zan sa shi. An rataye birgin Kawu a kan kanya sai ranar su. Kifin kuwa aka ce a mayar da shi ruwa. Ya riga ya mutu tun a kwando. Aka juye shi a gurbi da bismillah, ya taso yana yawo ciki sama, shirwa ta yi ta sura muna tsaye.

Da muka koma gida Inna ta ce, "Malam, kai ma ka yarda kifi yana cikin ramin nan?"

Baba ya ce, "Ba a yi wa gari tawaye a shekarar yunwa. Mutumin nan gadonsa ne, ya fi mu sani."

Ba na son in yi wa mahaifina rashin ladabi a rubuce. Mutum ne mai tsoron Allah da tsoron surutun mutane, kuma ina zargin na biyun na gado a wurinsa. Amma da idonsa ya ga abin da na gani.

Rani ya shigo. Rafi ya yanke ya zama 'yan kududdufai, su ma suka bi juna suka ƙafe, sai Gurbin Kanya. Da asuba mata su tafi su tona yashin rafi, su zauna jiran ruwa ya tsattsafo, su kwasa da ƙoƙo. Tuwo ya koma sau ɗaya a yini, daga baya ya koma kunu. Inna ta daina zubar da dusa. Ta fito da busasshiyar tafasa da rama, ta dafa da ɗan ƙuli, in babu ƙuli da gishiri kawai. Samari suka watse cin rani, wasu Kano, wasu gonakin ban-ruwa na wajen Bebeji. Na so in bi su, Baba ya ce in tsaya, ranar su yawan hannu yawan rabo.

Kullum sai na bi ta gurbin, ban san dalili ba, kamar mai taɓa ƙurji. Ruwan yana ja, yana barin zobe a kan yashi. Ya yi kore, ya fara wari. Zalɓe ya tare a wurin kamar an ba shi gado, ga balbelu. Su ba su san jan ƙyalle ba. Wasu dattawa suka je suka roƙi Sarkin Ruwa a kwance ɗaurin ko abin da ya saura a samu. Ya ɗaga kai ya dubi bishiya ya ce ɗorawa ba ta nuna ba.

Zafin bazarar shekarar ba irin na bana ba ne, ko kuwa yunwa ce ta ƙara masa nauyi, ba zan rantse ba. Mutum ya miƙe tsaye sai ya ga duhu. Ƙanwata Hadiza, autarmu, ta daina wasa. Gashinta ya yi ja, ƙafafunta suka kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Inna ta share ƙasan rumbu da tsintsiya, ta sheƙe ƙasar ta fitar da 'yan ƙwayoyi.

Ɗorawa ta nuna. Aka yi shela, aka kira makaɗa, su ma da ƙyar suke ɗaga gangar. Sarkin Ruwa ya zo da babbar riga, ya yi 'yan addu'o'insa, ya tuge sanda. Abin da ya rage na ruwa bai fi faɗin tsakar gida ba, zurfinsa iya idon sawu. Maza suka faɗa da koma suna ture juna. Kwaɗi ne suka yi ta tsalle. Aka samu 'yan tarwaɗa ramammu, duk kai, waɗanda ko zalɓe ya raina.

Sai Sarkin Ruwa ya ce a kawo fartanya, gaiwa tana ƙasa. Wannan shi ne abin da na kasa yafewa, kuma ban ware kaina ba, don har da ni aka yi haƙan. Magidanta da yunwa a cikinsu suka yi ta tonon yashi cikin rana har la'asar, suna neman kifin da laka yake kwanciya. Ka haƙa, yashi ya rufto, ka sake haƙawa. Kawu Tanimu ya sauko da birginsa daga kan kanya, rana ta cinye zaren, ya zauna a inuwa yana cewa, "Ku ƙara ƙasa kaɗan, kun kusa tsohon gari."

Da aka gaji, Sarkin Ruwa ya karkaɗe rigarsa ya ce ba abin mamaki ba ne, tunda an karya ɗaurin ruwa tun farko. Ya nuna Kawu da baki. Na ɗauka za a yi wa Sarkin Ruwa ihu. Wallahi gyaɗa kai aka yi. Mutanen da suka ga kifi yana bi ta tsakanin ƙafafunsu suka ce lalle, Tanimu ne ya jawo. Har damina ta faɗi akwai masu ƙin amsa sallamarsa. Ya fi musu sauƙi a ce mutum ɗaya ya yi laifi da a ce gari guda ya tsaya kallo.

Baba ya dawo da rabonmu a tafin hannu. Inna ta duba, ta jefa a tukunyar rama.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Hadiza ta tashi za ta fita tsakar gida ta zube. Inna ta ɗauke ta ta kwantar, ta shiga ɗaki ta jawo tulun ta ajiye a gaban Baba.

"Malam, in buɗe, ko in jira Sarkin Ruwa?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ta ɗauki muciya ta fasa lakar da kanta. Ta wanke tokar, ta surfa, ta niƙa, ba ta bar kowa ya taya ta ba. Tuwon ya fito ja-ja, da ƙanshin da na sani tun ina yaro. Ban taɓa cin tuwo mai daɗinsa ba, kuma ban taɓa cin abinci cikin shiru irin wannan ba. Tulun ya riƙe mu, da kunu da dabara, har Allah Ya kawo masu cin rani da ɗan abin da suka samo. Hadiza ta tashi. Yanzu tana Kiru da jikokinta.

Inna ta ware cikin hannu ɗaya ta ƙulle a bakin zane. Ruwan farko ya sauka mai ƙarfi, ƙasa ta yi ƙanshi, ta fita ta shuka a bayan gida. Ya tsiro kore shar. Sai sama ta sake ɗaukewa, tsiron ya ƙone. Wannan ba sabon abu ba ne, kusan kowace shekara ana yi, shi ya sa ake ajiye tulu guda, don a sake shuka. Mu ba mu da na sakewa. Daga baya ta sa an tambaya mata a kasuwanni har Burumburum da Ɗansoshiya. Ana kawo mata kaura iri-iri, ta murza a hannu, ta ciza, ta mayar.

Sarkin Ruwa Barau ya ci gaba da kafa sandarsa har ya rasu. Bayan shekarar dai mutane suka koyi zagayawa sama da gari su datse rafi lokacin da kifi ke komawa, kamar waɗanda suka yi wa dariya, amma ba wanda ya taɓa faɗa a fili cewa an yi kuskure.

Ranar Asabar ɗin nan Alhaji Nasiru ya aiko wai in zo in yi jawabi, tunda ni mai digiri ne. Na ce maƙogwarona yana ciwo, wanda ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Na je na tsaya daga nesa. An kafa rumfuna, an jera kujeru, matasa sun ɗaga wayoyi. Aka tuge sanda, sabuwa ce, an shafa mata fenti. Kifin gona bai san gudu ba. Da ya ga inuwar mutane sai ya taso wurin ƙafafunsu da baki a buɗe, ya ɗauka abinci aka kawo. Ana ɗaukar sa da hannu kamar ana tsintar mangwaro, mai lasifika yana ta kirarin jarumai. Wataƙila ba laifi ba ne, mutane sun yi nishaɗi, ba wanda zai kwana da yunwa saboda shi. Haka na yi ta gaya wa kaina a hanyar gida.

Da la'asar sai ga Alhaji Nasiru da kansa a gidanmu, da mai ɗaukar hoto a bayansa, an riƙo wata ƙatuwar tarwaɗa a faranti. Inna ce mafi tsufa a cikin waɗanda suka taso daga tsohon gari, ana so a ɗauke ta tana karɓa. Idonta ya yi rauni yanzu, tana zaune a tabarma da carbinta. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Wane ne?"

"Nasiru ne, Inna. Na gidan Sarkin Ruwa."

"Ɗan Barau? Sannu. Ya gida, ya yara?"

"Lafiya lau. Rabonki na su muka kawo, Inna. Babban cikinsu muka zaɓo miki."

Ta miƙa hannu ta shafa kifin tun daga kai har wutsiya, ta shinshina yatsunta.

"Daga ina?"

"Daga Gurbin Kanya, Inna."

"Ikon Allah. Ashe ya taru."

Alhaji Nasiru ya yi dariya, mai hoto ya matso. Ni kuwa na san muryar nan. Ta tura farantin a hankali har ya taɓa gwiwarsa.

"An gode, Allah Ya yi albarka. Amma tafi da shi, ɗana, ni na ƙoshi tun tuni. Ga hadari can yana haɗuwa, ruwa ya kusa sauka. Ka kai gona ka shuka."